Da 'Yar Gari Akan Ci Gari

 A makon nan ina so mu yi magana a kan baƙunci, watau yadda mace za ta sauka garin da ba ta sani ba, ta kwana biyu, sa'an nan ta koma gida da abin faɗi na gaskiya. Zan kafa misali da Kaduna, musamman ɓangaren da ke arewa da kogi, domin nan ne yawancinmu muka fi sauka.

Dalilin zuwa Kaduna ba ya ƙarewa. Wata ta kai tsohuwarta asibitin ido, wata ta raka amarya, wata 'yar makaranta ce ta je rubuta jarrabawa, wata kuwa jirgin ƙasan Abuja za ta shiga a Rigasa, wanda ya soma aiki a 2016. Amma in suka dawo kika ce, "Yaya kika ga Kaduna?" sai ki ji amsar duk iri ɗaya ce: "Ai ba wani abu, bariki ce kawai, sai tituna da motoci." In kin bi diddigi sai ki tarar daga tashar Kawo aka ɗauke ta zuwa gidan 'yan garinsu, ta ci tuwon da ta saba ci, ta yi hira da waɗanda ta saba hira da su, ranar komawa aka sake kai ta tasha. To, wannan ta je Kaduna, amma ba ta ga Kaduna ba. Kuɗin mota ya tafi, ilmi bai zo ba. Abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne, za ta zauna ta ba 'ya'yanta labarin garin da mutanensa, alhali duk abin da ta sani ji ne, ba gani ba.

Akwai dalilin da ya sa Kaduna take ruɗa baƙo. Mu mun saba da tsofaffin birane. In kin je Kano za a nuna miki Dala da Kurmi da karofin Ƙofar Mata. In Katsina ce, ga hasumiyar Gobarau. In Sakkwato ce, ga Hubbare. A Zariya ga ganuwa ga fadar Zazzau. Sai baƙuwa ta isa Kaduna tana waige-waigen ganuwa, ba ta ga ko ɗaya ba, sai ta yanke hukunci cewa garin ba shi da asali.

Gaskiyar magana ita ce Kaduna yarinya ce a cikin garuruwa. Da can hedkwatar Turawa a Arewa tana Zungeru. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa wannan wuri har ta isa Kano a 1911, sai Gwamna Lugga ya ga bakin kogin nan ya fi dacewa, ga ruwa, ga fili, ga jirgi. Gwamnati ta ƙaura zuwa can a 1917. Kafin nan ƙauyukan Gbagyi ne a wurin, watau mutanen da muka saba kira Gwari, sai Fulani masu kiwo. Sunan kuwa, abin da aka fi faɗi shi ne daga kada ya samo asali, saboda kaddunan da ke cikin kogin. Tun daga lokacin Kaduna ta zama babban birnin Jihar Arewa har zuwa 1967 da aka rarraba jihohi.

Su wa suka cika ta? Sojoji, da leburori, da akawuna, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da kuku da boyi na gidajen Turawa, da 'yan kasuwa masu bin albashi duk inda ya sauka, kowa da matarsa da tukunyarsa. Daga baya aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, aka ƙara samun wasu dubbai. Saboda haka duk wanda kika gani a Kaduna, in ba Bagbagyi ba ne, ko shi ko ubansa ko kakansa ya taɓa zama baƙo kamarki. Wannan shi ne asalin garin, kuma shi ya kamata baƙuwa ta nema: yadda mutane daga ko'ina suka haɗu wuri guda suka koyi zama da juna.

Darasi na farko ba ya cin ko kwabo. Ki riƙa sauraron sunayen unguwanni, kina tambayar dalilinsu. Ga Unguwar Kanawa, ga Tudun Nupawa, sunan kaɗai ya gaya miki waɗanda suka fara sauka. Ga Unguwar Shanu, ga Unguwar Rimi, ga Unguwar Sarki. Bakin Dogo kuwa ai dogon hanyar jirgin ƙasa ake nufi. A tsakiyar gari, kusa da babbar kasuwa, in kin ɗaga kai kin karanta alluna sai ki ga kamar taswirar Nijeriya aka shimfiɗa a ƙasa: titin Kano, titin Katsina, titin Bida, titin Jos, titin Lakwaja, titin Ikko, titin Badun, titin Abekuta. Ku 'yan makaranta, ku riƙa tafiya da ɗan littafi da fensir kuna rubuta irin waɗannan. Wadda ta cika shafi biyu da sunaye da ma'anarsu ta riga ta fi wadda ta cika wayarta da hotunan kanta.

Manyan gine-gine ma kada a ƙyale su, rabin yini ya isa. Ga majalisar nan mai ƙubba da ake kira Lugard Hall, inda wakilan Arewa suka riƙa zama, yau kuma majalisar dokokin Jihar Kaduna ke ciki. Ga Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila babban hawan daba a 1956. Ga masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki. A kan titin Ali Akilu akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1975, a ginin da ya taɓa zama ofishin jam'iyyar NPC, a nan za ki ga mutum-mutumin yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekara 2000. A lambun Ƙofar Gamji da ke bakin kogi akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ciro ta a kawo nan.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna. A nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, kuma uwargidansa Hafsatu ta rasu tare da shi a daren. An mai da wurin cibiyar binciken tarihi a 1970, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk macen da ta shiga, ta tuna ba maza kaɗai ne suka biya kuɗin tarihin ƙasar nan ba.

Amma fa duk waɗannan zaure ne. Wadda ta tsaya a zaure ba ta shiga gida ba, kuma mu mata mun fi kowa sanin haka. Shiga cikin gida kuwa sai da jagora. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, mu kuwa sai mu ce da 'yar gari.

Ni dai na san Kaduna ne a wani zuwa da na yi jinyar gwaggona, muka yi kwana goma sha ɗaya a wani gidan haya a Tudun Wada. Ɗaki bakwai ne a gidan, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Akwai Bazazzagiya, akwai Bayarabiya 'yar Ilori, akwai Babarbariya, akwai Bafulatana daga Yola, sa'an nan akwai wata tsohuwa Banufiya da kowa ke ce wa Nna, watau uwa da harshensu. Da safe in an hura wuta sai ki ji ƙamshi kashi biyar yana tashi a tsakar gida ɗaya. Da yamma kuwa kwanuka ne ke ta kai da kawowa tsakanin ɗakuna, yaran gidan kuma ba ki iya gane wannan na wace ce, don duk ɗakin da dare ya riske su nan suke cin tuwo.

Ran kwana na uku tsohuwar nan ta leƙo ɗakinmu ta ce, "'Yata, zaman ɗaki ba ya warkar da majinyaci. Ɗauki mayafinki ki raka ni cefane." Tafiyar da ba ta fi ta minti goma sha biyar ba sai da muka yi awa guda, saboda gaisuwa. Ta gaida mai kayan miya da Hausa, ta gaida mai manja da Yarabanci, ta tsaya wajen mai busasshen kifi suka yi ta Nufanci suna dariya. Kowa ta nuna ni ta ce, "Baƙuwarmu ce, jinya ta kawo ta." Nan take fuska ta canja. Wannan ta ce Allah ya ba da lafiya, waccan ta ƙara mini gyara, wata ta kwatanta mini kunun da ya dace da mara lafiya. Da ni kaɗai na je, da ciniki kurum za a yi da ni in wuce.

A gidan nan na fara cin amala, tuwon da ake yi da garin busasshiyar doya, na kuma gane ganyen da Yarabawa ke ce wa ewedu ashe lalonmu ne, dahuwa ce ta bambanta. A nan na ga yadda Barebari ke haɗa turaren wuta da humra, aikin kwana da kwanaki. A nan kuma wata maƙwabciya daga kudancin jihar ta kawo wa gwaggona faten acca, ta ce ba ya nauyi a ciki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a samu a otal, kome tsadarsa.

To, wadda ba ta dace da irin tsohuwar nan ba fa? Ta neme ta, don kowace unguwa da tata. Sau da yawa ita ce mai kitso, ko ungozoma, ko dillaliya, ko mai tuyar masa a bakin layi, watau matan da sana'arsu ke shigar da su gida-gida. Ki roƙi mai masaukinki ta haɗa ku. In an ce wa za ta je cefane, ki ce ke. In an ce ana suna ko biki a maƙwabta, ki nemi a tafi da ke, ko da ba ki san mai jego ba. A gidan bikin Kaduna za ki ga kamu irin na Hausawa, ki ga ashobi irin na Yarabawa, ki ga lalle irin na Barebari, duk a kan amarya ɗaya, ba kuwa wanda zai ce an yi baƙon abu.

Sai maganar kasuwa, domin nan ne gari yake buɗe cikinsa. Babbar kasuwa da ke tsakiyar gari tana ɗauke da sunan Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, a nan ake samun atamfa da kwanuka da kayan ɗaki. Amma in ainihin rayuwar garin kike so, ki leƙa ƙananan. Kawo ta yi suna da kasuwarta ta ranar Talata, ranar da mutanen ƙauyuka ke shigowa da amfanin gona. Bakin Dogo wurin kayan abinci ne. Kasuwar Barci a Tudun Wada ta shahara da gwanjo da teloli, an rushe tsohuwar a 2020 aka yi sabon gini. Ana cewa ta sami sunan ne tun lokacin da ciniki ya yi ƙaranci har 'yan kasuwa suka riƙa gyangyaɗi a rumfunansu. Ki tambayi dattawa uku, ki ji yadda kowa zai ba ki labarin. Panteka kuma wurin maƙera ne da masu walda da kafintoci, inda tsohon ƙarfen da aka yar yake komawa murhu ko tukunya ko injin niƙa. Duk matar da ke tunanin kayan ɗakin 'yarta, ya kamata ta ga inda ake ƙera wasunsu.

Shiga kasuwar baƙon gari yana da ladubba. Ki je da safe. Ki yi sallama kafin ki taɓa kaya. Ki sayi wani abu kome ƙanƙantarsa kafin ki soma tambaya, don mai talla ba malamar makaranta ba ce, abincinta take nema. In kin sayi citta, ki tambayi daga ina take, za a ce miki daga wajen Kachiya. In kin ga mace ta ɗauko doya ko itace a kafaɗa maimakon a ka, Bagbagyiya ce, al'adarsu ke nan tun kaka da kakanni. Kada ki yi mata kallon mamaki, balle dariya. Ki tuna a ƙasar kakanninta kike tsaye, kuma sunan da suka fi so a kira su da shi shi ne Gbagyi.

Haka nan harshe. Hausar Kaduna ta sha bamban da ta Kano ko ta Sakkwato. Za ki ji an cakuɗa ta da Turanci, za ki ji wani ya ce "ya zo" alhali mace yake nufi. Abin da Bakanuwa ke ce wa waina, a nan sau da yawa masa za ki ji, abin hawan da Kano ke kira a daidaita sahu kuwa keke ne. Wasu baƙi sai su kama gyara wa mutane magana. Wannan rashin tunani ne. Mutumin da ya bar harshen uwarsa ya koyi naki don ku fahimci juna, godiya ta kamace shi. Mafi kyau ma ki rama, ki koyi gaisuwar safe da "na gode" da harshensa. Kalma biyu ɗin nan suna buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa.

Yanzu ga magana mai nauyi, ba kuwa zan ɓoye muku ita ba. Kogin da ya ba garin suna ya zama kamar iyaka. An yi mummunan rikici a watan Fabrairu na 2000, aka sake yin wani a Nuwamba na 2002, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Bayan haka mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewa da kogi, Kirista suka fi yawa a kudu. Maƙwabtan da suka yi shekara talatin suna musayar kwano, aka wayi gari gada ta raba su. Akwai yara da suka tashi a Kawo ba su taɓa kwana a Sabon Tasha ba, akwai na Sabon Tasha da ba su san hanyar Unguwar Dosa ba.

Wannan shi ya sa na ce baƙuwar da ta koma gida da ji kawai tana iya yin ɓarna. Za ta je ta ce, "Ai can ba a ga maciji da juna," ta ƙara wa tsoro tsoro. Wadda ta buɗe ido kuwa za ta ga abin bai tsaya nan ba. Za ta ga babbar majami'ar Katolika ta Saint Joseph da ta Anglika ta Saint Michael duk suna nan a arewa da kogi. Za ta ga kullum safiya dubban mutane suna ƙetare gada, waɗansu zuwa ofis, waɗansu zuwa kasuwa, a rumfa ɗaya mai hijabi da mai ɗankwali suna raba canji. In mai masaukinki tana da tsohuwar ƙawa a Barnawa ko Kakuri, ta kuma ce za ta kai mata gaisuwa, ki bi ta. Hirar da za ki ji tsakanin tsofaffin maƙwabta biyu ita ce tarihin garin da ba a ajiye a gidan kayan tarihi ba.

Duk da haka ban ce a saki jiki ba. Babban gari babban gari ne, akwai na kirki akwai na banza. Ki sanar da mai gidanki ko mai masaukinki inda za ki, da lokacin da za ki dawo. Ki yi yawonki da rana, magariba ta same ki a gida. Ki yi cinikin kuɗin keke kafin ki hau, ki riƙe jakarki a gaba cikin cunkoso. Ku 'yan mata, kada ɗayarku ta fita ita kaɗai a garin da ba ta sani ba, kuma jagorar da nake nufi mace ce babba wadda gidan da kuka sauka ya sani ya amince da ita, ba wanda kuka haɗu da shi a tasha ko a waya ba. In an ce yau gari ba lafiya, a zauna, to a zauna, 'yan gari sun fi ku sanin iskar garinsu. Kada kuma ki ɗaga waya ki ɗauki hoton mutum ba da izninsa ba. Mai tallan nono da mai dakon kaya mutane ne masu mutunci, ba kayan kallo ba ne.

Abu na ƙarshe, baƙunci bashi ne. Wadda ta bar aikinta ta zaga da ke, ta cancanci tukwici. Ba lalle sai kuɗi ba. Ki taho da abin da garinku ya fi kowa, ko kilishi, ko daddawa, ko kuka, ko man shanu, ki ba ta. Ki karɓi lambarta, ki riƙa gaishe ta da salla. Ran da ita ko 'yarta ta sauka garinku, ke ce 'yar gari, sai ki ɗauki mayafi ki ce ta raka ki cefane.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wadda tafiya ta kama ta zuwa Kaduna, ko wani gari dabam, ta auna kanta da tambaya uku in ta dawo. Sunan mace nawa ta sani waɗanda ba 'yan garinsu ba? Wane abinci ta ci wanda ba ta taɓa ci ba? Wace magana ce ta sha ji a kan mutanen wurin, ta je ta tarar ba haka ba ce? In ta iya amsawa, to kuɗin motarta bai faɗi ba. Muna kuma so ku rubuto mana abin da kuka gani a tafiye-tafiyenku, don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Sai mako mai zuwa.